Beppu, garin da ƙasa ke tafasa

Daga tashar Hakata ta Fukuoka, tafiyar kusan awa biyu ce a jirgin ƙasa zuwa Beppu, a tsibirin Kyushu na ƙasar Japan. Na sauka a unguwar Kannawa, inda tururi ke fita ta magudanan titi da rufin gidaje. Da shi ma ake dafa ƙwai da dankali. Tafkin Umi Jigoku kuwa, mai zafin kusan digiri 98, kallo kawai ake yi.

Ruwan zafin da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa shi ne onsen. Dokar Japan ta 1948 ta ce sai ya kai digiri 25 ko yana ɗauke da wasu ma'adinai. Gidan wankan unguwa mai dafaffen ruwa kuma sento ake ce masa. A ƙofa za ka ga labule, noren, galibi shuɗi na maza, ja na mata. Ka tuɓe takalmi, ka zuba tufafi a kwando.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba a wanka a cikin kwarmin ruwan. Sai ka zauna kan 'yar kujera ka cuɗa jiki da sabulu, ka ɗauraye tas, sannan ka sheƙa ruwan kwarmin a jiki, wato kakeyu, don jiki ya saba. Ƙaramin tawul ɗinka ba ya taɓa ruwa. Dattawa kan ninke shi su ɗora a ka. Wanda ya san Wikki ta Yankari mai digiri 31 kada ya ɗauka ya san zafi, domin a nan ana haura 40. Masu zanen tattoo a fata kuma wurare da yawa ba sa karɓarsu, saboda ana danganta shi da 'yan daban yakuza.

Sai dai tsirara ake shiga, kuma ni ba zan buɗe al'aura gaban mutane ba. Mai masaukina ta nuna min kashikiri, ɗakin wanka da ake haya, ka kulle ƙofa kai kaɗai ko da iyalinka. Kuɗinsa ya fi, amma hankali kwance.

Washegari na leƙa gidan wankan Takegawara, wanda aka kafa a 1879, ginin yanzu na 1938 ne. A can ana sa rigar yukata, a kwanta, ma'aikata su binne mutum da yashi mai ɗumi har wuya. Na bar wannan, na nemi ashiyu, inda ake tsoma ƙafa kawai, wando naɗe zuwa gwiwa.