Me Ka Taɓa Yi da Hannunka?

Duk lokacin da sabon mai kammala karatu ya ba ni CV ɗinsa in duba masa, kusan abu ɗaya nake gani: "mai ƙwazo, mai haƙuri, na iya zama da jama'a." Kowa haka yake rubutawa. Shi kuwa mai ɗaukar ma'aikata yana zaune da tarin takardu, waɗannan kalmomi ba sa raba masa wannan da wancan. Yabon kai jahilci, in ji masu iya magana.

Abin da aiki ya koya mini shi ne ƙwarewa sai da shaida. "Na iya Excel" bai nuna komai ba. Amma wanda ya ce ya shigar da amsoshin binciken kammala digirinsa a Excel, ya tace su, ya lissafa, ya fitar da jadawalin da ya kare a gaban malamai, an ga inda ya kai.

Yana damuna in ji matashi ya ce ba shi da gogewa. Ka riƙe asusun ƙungiyar ɗalibai? Ka koyar da yara lissafi lokacin hutu, ko ka je horon sanin makamar aiki? Ai wannan gogewa ce. A rubuta abin da aka yi, da mutum nawa, da abin da ya biyo baya, a saka adadi inda ake da shi na gaskiya.

Manyan kamfanoni da yawa suna zuba takardun a manhaja tukuna, ana lalubo masu nema da kalmomin da ke cikin sanarwar aikin. Saboda haka nake cewa a karanta sanarwar da kyau, a kira ƙwarewar da sunan da suka kira ta, muddin ana da ita. Ado da hotuna da akwatuna na iya rikita manhajar. Shafi ɗaya ya ishi mai neman aikin farko, a tura shi a PDF sai in sun nemi Word.

Sannan kowane layi zai iya dawowa tambaya a ranar intabiyu. Harsuna na cikin abubuwan da ake yin ƙari a kansu. Akwai ma'aunin Turai na iya harshe mai matakai shida, daga A1 (mafi ƙasa) zuwa C2. Wanda gaisuwa da 'yar hira kawai ya iya a Faransanci, ya rubuta A1 ko A2, domin mai tambayar na iya juya harshe nan take.