Daren da na ɗaura wayar jan ƙarfe a gurbin fis

Har yanzu idan na wuce ta gindin taransifomar rukunin gidajen da nake kula wa da wuta a Kano, sai ƙaurin man cikinta da ya tafasa a daren da ta ƙone ya dawo mini. Taransifoma ce mai ƙarfin kVA 300, tana sauke wuta daga bolt 11,000 zuwa 415, kuma na san sarai cewa kowane layi daga cikin layukanta uku (ja, rawaya da shuɗi) bai kamata lodinsa ya wuce kusan amfiya 417 ba.

A cikin zafin watan Afrilu fis ɗin jan layi, wato wayar kariya da ke tsinkewa idan lodi ya yi yawa, ya tsinke sau uku a mako guda. A karo na uku, da misalin ƙarfe goma na dare, ba ni da wani a jaka, ga dattawa sun kewaye ni, wani Alhaji yana cewa, "Injiniya, don Allah ka taimaka, yara sun kasa barci." Sai na murɗa wayar jan ƙarfe mai kauri na ɗaura. Wuta ta dawo, aka yi ta sa mini albarka, ni ma na tafi gida ina jin na yi abin kirki.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mitar awon lodi tana cikin jakar tawa, ban ɗauko ta ba. Da na auna, da na ga abin da na gano daga baya: yawancin gidajen sun mayar da wayoyinsu kan jan layi, har da injin niƙa da famfunan burtsatse biyu, alhali shuɗin layi kusan babu kowa a kansa. Fis ɗin aikinsa yake yi, ni ne na cire shi daga hanya, nauyin ya koma kan naɗin wayar da ke cikin taransifomar har ya cinye rufinsa.

Kwana huɗu kawai ta yi ta ƙone. Muka shafe makonni cikin duhu, mazauna suka yi karo-karo aka kai ta gyara, kuma babu wanda ya zarge ni a fili, wanda hakan ya fi zagi ciwo.

Yanzu duk fis ɗin da ya tsinke sau biyu, sai na auna layukan uku da daddare, lokacin da kowa ya kunna kayansa, na raba gidajen daidai, kafin in sa sabo mai girman da ya dace. Jakata ba ta rabuwa da guda uku na ajiya, da kuɗina nake sayensu.