Bidiyon da ya karya wa Kawu hannu

Wallahi har yau in na tuna ranar 20 ga Satumba 2023 sai in ji cikina ya ɗuri ruwa. Ranar ce kotun zaɓe ta soke kujerar gwamnan Kano Abba Kabir Yusuf, ta Zoom ma aka karanta hukuncin, aka zaftare masa ƙuri'a 165,663, can da yamma kuma aka sa dokar hana fita ta awa 24. Kano gaba ɗaya kowa na ɗaka da waya a hannu.

Ni lokacin na kai shekara biyu ina rubutun siyasa a Facebook, in zauna in zuba dogon bayani kan ruwan famfo da babu a unguwarmu da yadda 'yan garuwa ke ta ƙara kuɗin jarka, in tashi da laik bakwai, biyu ma na ƙannena ne. Abin na ci min rai, ba zan ɓoye ba. To ana cikin haka bayan magariba sai ga bidiyo a wani guruf na WhatsApp, shaguna na ci da wuta mutane na salati, an rubuta wai yanzu-yanzu a kasuwa cikin gari. Ko ƙarshensa ban kalla ba na ɗora, har da "DA ƊUMI-ƊUMI" da manyan baƙaƙe. Wayata ta yi zafi don shiga saƙo, kafin isha'i an yaɗa shi fiye da duk abin da na taɓa rubutawa a haɗe, ina ta jin kaina wani ɗan jarida.

Ashe tsohuwar gobara ce ta shekarun baya. Kuma da na tsaya minti ɗaya da na gane, don mutanen ciki duk rigunan sanyi ne a jikinsu har da masu hular sanyi, mu kuwa muna ƙarshen damina. Minti ɗaya fa!

Kawuna, yayan Umma, atamfa yake sayarwa. Wani ya tura masa, bai ma san daga wajena ya fito ba, ya ja babur cikin duhu yana bin lunguna zai je ya ga shagonsa, ya faɗa kwata hannu ya karye. Da na je dubiya mai ɗori ya gama naɗe hannun da karare, Kawu ya ɗago ya ce "Ɗan nan, ashe kai ne mai labarin?" Shi ke nan abin da ya faɗa. Gara ma ya zage ni.

Na goge, na ba da haƙuri, amma gyaran ko mutum talatin ba su yaɗa ba, bidiyon kuwa ya riga ya shige WhatsApp inda ba ka da ikon kamo shi. Abin da ya fi ba ni haushi, washegari wani daga cikin masu ɗaukar 'yan data, wato masu yi wa 'yan siyasa talla a intanet, ya neme ni, wai ya ga shafina na tafiya, za a riƙa sa min data duk wata. Shekara biyu ina maganar ruwa ba wanda ya kira.

Yanzu duk bidiyon da ya zo sai na kalle shi sau uku, in duba kayan jikin mutane da allunan shaguna, in kira wanda ke wajen. Ranar 12 ga Janairu 2024 da kotun ƙoli ta tabbatar wa Abba kujerarsa kusan ni ne na ƙarshe da ya ɗora. Kawu kuwa har yanzu in sanyi ya shigo hannun na yi masa tsami, da hagu yake miƙo min in mun gaisa.