Kafin ka sayi tsirkiyar jitar jaz

Jitar jaz mai tudun fuska, wadda aka yi wa ramuka biyu irin na goge na Turawa, an ƙera ta tun kafin a san amfilifaya. Kamfanin Gibson ya fito da samfurin L-5 a farkon shekarun 1920, jita ce mai amo da kanta ko a tsakiyar masu busa. Sai a 1936 aka fito da ES-150 mai maganaɗisun ɗaukar sauti, wadda makaɗin jaz ɗin nan na Amurka, Charlie Christian, ya shahara da ita. Ke nan jita ɗaya ce mai murya biyu, ta katako da ta lantarki, kuma kowace da tsirkiyar da take so. Mu a Kano wannan ba zancen littafi ba ne, domin kana tsakiyar kiɗa a wurin biki za a ɗauke wuta, kafin a tayar da janareta katakon kaɗai ya rage maka.

Ƙannena masu tasowa, na fara da tsirkiyar tagulla, irin ta jitar da ba ta da lantarki, wadda aka rubuta 80/20 a kwalinta. A ɗaki kam ba a magana, amonta har tsakar gida. Da na jona amfilifaya sai siraran biyun nan na ƙasa suka riƙa tsage kunne, masu kaurin kuwa kamar daga rijiya ake kaɗa su. Na zargi waya, na zargi amfilifaya, har na kai wa mai gyara a Sabon Gari, ashe babu abin da ya lalace. Maganaɗisu ba ya jan tagulla. Ƙarfen da ke cikin tsirkiyar kawai yake ji, naɗin da ke kansa bai san da shi ba. Siraran kuwa ƙarfe ne zalla, shi ya sa suke danne sauran.

Daga nan na koma masu santsi, waɗanda naɗinsu shimfiɗaɗɗe ne, irin Chromes na D'Addario ko Jazz Swing na Thomastik-Infeld da ake yi a Biyana, babban birnin Ostiriya. A amfilifaya su ne muryar jaz ɗin da kuke ji a tsofaffin fayafayai: sauti mai kauri, babu ƙiiƙii idan yatsa ya zame, kuma suna daɗewa, don datti ba ya samun wurin maƙalewa. Amma ka zare waya ka ji. Amon ya dushe, wanda ke bakin ƙofa ma da kyar zai ji ka. Idan kullum a situdiyo kake, ko inda wuta ta tabbata, saye su ka huta. Tsada dai suna da ita.

Wanda zai yi kiɗa da wuta da babu wuta, ya nemi mai zagayayyen naɗi na nikel. Maganaɗisu yana jin sa, katako ma yana amsawa. Ba ta kai tagulla amo ba, ba ta kai mai santsi laushi ba, amma ba za ta kunyata ka ko ta ina ba. Ka tabbata ta uku, wato G, mai naɗi ce.

Sai kauri. Yatsunku sun saba da lamba 9 ko 10 ta jitar lantarki, na sani. Irin wannan ba ta da nauyin da za ta motsa fuskar katakon. Ku fara da 12, in kanta ta fito a yatsu ku gwada 13. Sai dai 13 tana jan wuyan jita kusan ninki biyu na 9, don haka a duba ƙarfen da ke cikin wuyan, a juya shi kaɗan-kaɗan, ba da ƙarfin tsiya ba.

Ga wani abu da ya ci mini yini guda. Jakin wannan jita, wato ɗan katakon da tsirkiyoyi ke hawa a kan fuskarta, ba a manne yake ba, tsirkiyoyin ne suke danne shi. Na kwance su duka shida lokaci ɗaya, jaki ya faɗo kan tabarma, da na mayar sai saiti ya ƙi zama. Ku riƙa canzawa ɗaya bayan ɗaya. In kuwa dole ne a cire duka, a manna ɗan tef na takarda a gefen ƙafafunsa tukuna. Bayan an ɗaura, a danna mataki na 12, cikin ƙarafan nan da ke gicciye a wuyan jita, a gwada da sautin tsirkiyar a sake: in ya haura, a ja jakin baya kaɗan, in ya gaza, a matso da shi wajen wuya.

Yanayin garin nan ma yana da nasa. Da hunturu katako yana bushewa, fuskar ta ɗan sauka, tsirkiya ta fara taɓa matakai tana zuzu. Kada ka ce tsirkiyar ce ta mutu, ɗaga jakin da ƴan ƙafafun juyawar nan biyu, ka kuma ajiye jitar cikin akwatinta da ɗan jiƙaƙƙen soso a leda mai huji. Da bazara da damina kuwa gumi ne ke kawo tsatsa, sai a goge da busasshen ƙyalle duk bayan kiɗa.

A kasuwa kuma jabu sun yi yawa, kwali iri ɗaya sak. Buɗe a gaban mai shago, ka duba ko akwai ɗigon tsatsa a siraran, ka shafa naɗin ka ji ko yana da gargada.