Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Kwamfutar da ke sandarewa da azahar

A makon jiya na tsaya inda Inna ta kwashi adashinta ta damƙa mini, na haɗa da ɗan abin da na tara na sayo kwamfuta ta hannu, Pentium 4 mai Windows XP, na kafa tebur a gefen shagon Yaya ina buga wa ɗalibai furojek. Ƙarshen 2006 ke nan.

Wata biyu muna lafiya lau da ita. Hunturu na kankama sai ta canza hali. Da safe ta yi aiki sumul, amma da an kira azahar sai ta sandare, linzami ya ƙi motsi, wani lokacin allon ya koma shuɗi da fararen rubutu, ta mutu ta sake tashi da kanta. Duk wanda na tambaya amsarsa ɗaya ce: bairos ne, wato muguwar manhaja mai lalata kwamfuta, yi mata fomatin, a goge komai a sake ɗora Windows. Sau uku ina yi, kowanne yana cinye mini yini guda, ciwon yana nan.

Ranar da abin ya kai ni bango, wata ɗaliba ce ta kawo babi na uku na furojek ɗinta. Na buga shafi goma sha takwas, kwamfutar ta ɗauke, da ta dawo fayil ɗin ya ƙi buɗuwa. Yarinyar ba ta yi faɗa ba. Ta dai riƙe bakin mayafinta ta ce, "Malam, jibi fa zan kai wa malamina." A daren nan na kwana a shagon wani abokina ina sake bugawa, ina tunanin kuɗin Inna.

Shi wannan abokin ne ya gaya mini akwai taron masu kwamfuta duk Asabar bayan la'asar, a wani ajin makarantar firamare. Na naɗe kwamfutar da tsohon zane, na rungume ta a bayan ɗan acaɓa. Mutanen ba su wuce ashirin ba: ɗaliban jami'a, masu shagon intanet, wani malamin lissafi, kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa na man janareta. Babbansu wani dattijo ne da ya fara da gyaran rediyo da talabijin, kowa Baba Injiniya yake ce masa.

Na gaishe shi na ce, "Baba, bairos ne ya addabe ni."

Ya ce, "Ɗana, ganinsa ka yi, ko faɗa maka aka yi? Ƙarfe nawa take yi? A wutar gari ko a janareta? Me kake bugawa a lokacin?"

Lokacin kawai na iya faɗa masa. Sai ya miƙa hannu aka ba shi faifan Ubuntu, wata manhaja mai tafiyar da kwamfuta kamar Windows, irin wanda a shekarun nan ake aiko wa mutum kyauta ta gidan waya. Ya bayyana mini cewa faifan zai tashi kwamfutar ba tare da ya bi ta kan Windows ba, saboda haka in ta sake sandarewa, laifin na kayan cikin akwatin ne, ba na manhaja ba. Muka buɗe mata ayyuka da yawa muka zuba ido. Kafin a kira magariba ta sandare. Duk fomatin ɗin nan uku, ashe a banza na yi su.

Ya buɗe murfin. Tsakanin fanka da haƙoran ƙarfen da ke shanye zafin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ƙura ta daddanƙare kamar audugar tsohuwar katifa, ya zaro ta da tsinke ɓari guda. Pentium 4 da ma ta yi suna wajen zafi. Ya goge busasshen man da ke kan furosesar ya ɗiga sabo, bai kai ƙwayar wake ba. Wani saurayi ya ce a cire ram ma, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, a goge bakinsa da magogin fensir. Baba ya hana. Ya ce in aka taɓa abu biyu rana ɗaya ta warke, wa zai san wanne ne maganin? Ya sa na sayi littafin rubutu, duk sanda ta mutu in rubuta lokaci da irin wutar da take kai.

A satin nan sau biyu ta mutu, maimakon kullum. Na koma da littafina.

Wannan karon mita ya ɗauko. Ya gwada wayoyin akwatin wuta ina kallo: rawaya bolt 12, ja 5, ruwan lemo 3.3, duk daidai. Sannan ya kunna tocila ya ce in sunkuyo. Kewaye da furosesar akwai wasu ƙananan gwangwanaye a tsaye, kafasito. Na lafiya kansu a shafe yake. Uku daga ciki sun kumbura, ɗaya har ya fitar da wani abu ruwan ƙasa ya bushe kamar tsatsa. Aikinsu daidaita wutar da ke shiga furosesa, in sun lalace wutar ta riƙa rawa, kuma abin ya fi tsanani in aiki ya yi nauyi ga zafi. Kwamfutocin farkon shekarun 2000 da yawa sun yi wannan ciwon a ƙasashe daban-daban. Har yau ina ganin bai kamata mai gyara ya karɓi kuɗin fomatin bai leƙa cikin akwatin ba.

Baba ya cire uku daga wani mataccen madabod, wato babban farantin da kayan cikin kwamfuta ke zaune a kai, masu lamba iri ɗaya, ya nuna mini zanen da ke gefen kowanne don kada a juya ƙafafun. Biyu ya liƙa da dalma. Na ukun ya miƙo mini ƙarfen ya ce, "Bismillah, ɗana." Hannuna na rawa, hayaƙin dalmar na shiga idona, ya dafa wuyan hannuna har ɗigon ya zauna yana sheƙi.

Na tambayi kuɗin aiki, ya ce in zuba a asusun mai. Kwana goma sha ɗaya shafin littafin nan babu ko layi. A rana ta goma sha biyu wani mai shagon intanet da ya ga liƙin da na yi ya aiko yaronsa, wai yana da kwamfuta shida da ke irin wannan ciwon. Yadda muka ƙare da shi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.