Tsutsa a bangon kicin

Alhamis. Ruwa tun asuba, rana ko leƙowa ba ta yi a Jos ba.

Gwaggo ta aiko yaro da tsutsotsi a murfin kwalba, wai a bangon kicin ta tsince su suna hawa sama, in zo in duba ko ɓera ne ya mutu a silin.

"Gwaggo, ba ɓera ba ne. Tsutsar mushe ta ƙuda ce, ba ta da ƙafa, ba a ganin kanta, gabanta tsini ne, kuma daga silin faɗowa take yi. Wannan ki duba, kanta ja-ja, ƙafafu shida a gaba, ga wasu 'yan gajeru a cikinta. 'Yar asu ce, irin mai cin hatsi. In ta ƙoshi sai ta bar abincin ta hau bango neman lungun da za ta yi saƙa."

Ta ce to a kawo maganin feshi. Nan muka ja. Feshi na bango kawai zai kashe, gidansu yana cikin abinci. Muka bi kwano-kwano: garin masara lafiya, amma gyaɗar da ke leda ta dunƙule, da zare kamar yanar gizo. Leda ba ta tare su, huda ta suke yi. Wadda ta dunƙule a zubar. Gari a tankaɗe, sauran hatsi a ɗaure a firiza mako guda, in wuta ta yarda, in ba haka ba a shanya ranar da aka samu rana mai zafi. A wanke kantar kicin da ruwan sabulu har lungunan da suke saƙa, komai ya koma bokiti mai murfi.

A kwandon busasshen kifi kuma wata ce daban, baƙa-baƙa mai gashi. Wannan ta ƙwaro ce, kifin a mayar da shi kan wuta ya ƙara bushewa.

Abin da ya tsaya mini a rai waken ne. Fararen ɗigo a jikinsa ƙwai ne, tsutsar tana ciki, ramin da ake gani ƙofar fitar ƙwaron ne. Gwaggo ta ce maƙwabciyarta maganin feshi take yayyafa wa nata, kuma ko ƙwaro ɗaya babu. Waken da jikoki za su ci! Na ce a zuba shi a buhun PICS, wato buhun adana hatsi mai leda biyu a ciki da ke hana iska shiga, ko jarka da aka cika aka toshe bakinta, rashin iska kaɗai ke kashe su. Ta ce "to," irin "to" ɗin da ba a ji ba.

Har isha'i ba a kawo wuta ba.