Na saka sola a gida, da na tashi sayarwa ga yadda aka yi masa kuɗi

Gidan nawa a Rijiyar Zaki yake a Kano, ɗaki uku da falo, na yi shekaru a ciki kafin a mayar da ni aiki Kaduna ya zama dole in sayar. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 janareta ya gagare ni, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, to sai na tattara abin da nake da shi na saka sola, faifai takwas a kan kwano da inbata da batura huɗu irin masu ruwan nan. Da aka zo Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar 'yan Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta a rana, naira 225 kowane yunit sai na ƙara jin cewa na yi dabara, a raina kuma na gama lissafi duk ranar da zan sayar da gidan nan kuɗin sola zai hau kan farashi cif.

Wanda zai saya ta banki zai biya, bankin ya turo mai kimanta gidaje, wani dattijo da tef ɗinsa da littafi. Ya fara da takardu, C of O, wato takardar mallakar fili, da shaidar biyan kuɗin ƙasa, ya auna fili, ya duba bulo da tayil da yanayin titin da ya shigo layinmu. Ni kuwa sai jan sa nake zuwa ɗakin batir. Ya leƙa ya ce "Malam, yaushe aka saka su?" Na ce sun kusa shekara biyu. Ya ce ina rasit, na tsaya ina kame-kame don wallahi ban ajiye ba, yaron da ya haɗa min a baki muka yi ciniki.

Ya zaunar da ni ya yi min bayani. Su da farashin gidajen da aka sayar a unguwar suke gwadawa, sannan su ƙara ko su rage gwargwadon bambanci. Batir mai ruwa ƙarfinsa raguwa yake kullum, wanda ya yi shekara biyu a zafin Kano ya ci rabin rayuwarsa ko fiye, inbata kuma ko daren nan zan iya kwance shi in tafi da shi, banki ba zai riƙe abin da ake ɗauka a matsayin jingina ba. Na ce "Yallabai ai kuɗi na kashe ba kaɗan ba." Ya ce ya sani, amma kuɗin kayan hannu zai yi musu. Abin ya yi min ciwo ranar.

Abin da ya tsaya a kai ya daɗe shi ne wanda ban ɗauka da muhimmanci ba. Lokacin gini na ɗaga rufi sosai aka bar tazara tsakanin kwano da silin da ƙofofin iska, tagogin manya ne suna kallon kudu da arewa, ga darbejiya biyu da mahaifina ya sa na dasa ta yamma suna tare ranar la'asar. Wajen ƙarfe uku muka shiga falo ba fanka ba komai kuma ana zaune lafiya lau, ya rubuta wannan. Ya rubuta burtsatse ma da famfonsa mai aiki da sola, ya ce wannan na gidan ne don ba a tafiya da rijiya. Iyayenmu da suke ginin ƙasa mai kauri da rufin azara sun san abin da suke yi, mu ne muka koma kwano da ƙananan tagogi muna neman AC.

Abin da ya ɗan taimake ni shi ne saƙonnin sayen katin mita da ke wayata. Na nuna masa na kafin sola da na bayansa, bambancin a fili yake, ya ce irin wannan gidan ɗan haya zai yarda ya biya sama da na maƙwabta kuma kuɗin haya yana cikin abin da suke dubawa. Da ina da rasit da takardar garanti da abin ya fi haka.

A ƙarshe dillalina ya ba da shawarar a raba cinikin biyu, gida da kuɗinsa, kayan sola da nasu. Mai sayen ya karɓi faifan da inbata, batura ya ce ba ya so zai sa litiyam. Na ɗora su a mota zuwa Kaduna, biyu daga ciki yanzu ba sa kai mu asuba. Filin da na samu a nan ban fara gini ba tukuna, amma na riga na dasa itatuwa ta yamma kuma na buɗe fayil na rasit tun daga buhun siminti na farko.